Hoton Ƙirjin Lawali

A taron sunan da aka yi bara a Bungudu, ina zaune a ɗaki na ji wata tsohuwa a tsakar gida tana gaya wa baƙuwa cewa ni ce matar nan da ta hana ƙaninta tafiya Ingila har baƙin ciki ya kashe shi. Ta zaci kunnuwana duka sun mutu, ba ta san na dama yana aiki ba. Ban tanka ba, don taron farin ciki ne. Amma na lura ku 'ya'yana da kuke wurin babu wanda ya ɗaga kai, sai na gane ashe ku ma abin da kuka tashi kuna ji ke nan. To, ga alƙalami a hannuna, wanda ban iya riƙe shi ba sai bayan na yaye autanku. Ku ji daga bakin wadda aka yi abin da ita.

Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan da Inna ta haifa, ni da Lawali. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunana, sai dai "ke" ko "waccan". Lawali kuwa ya zo bayan an binne da yawa a tsakaninmu, shi ya sa ko tuntuɓe ya yi sai gidan ya girgiza. Babanmu tari ya kashe shi a Nahuce, Lawali yana goye. Ni nake zubar da kaskon tokar da yake tofa kaki a ciki, safe da yamma, har ranar da aka ɗauke shi. Ku riƙe wannan, don duk abin da na yi daga baya daga cikin kaskon nan ya fito. Inna maginiya ce. Da tulu da randa da tukunyar tuwo ta raine mu, kuma a kasuwannin wajenmu duk wanda ya san ruwan sanyi ya san tulun Inna. Aka ɗauki Lawali makaranta, ni aka yi mini aure. Ya yi ta wucewa har Zariya, ya dawo da digiri, aka ba shi koyar da kimiyya a wata makarantar maza a Gusau. Ni a lokacin ina Sabon Garin Gusau da ubanku, yana tuƙa babbar mota tsakanin Gusau da Funtuwa, auduga da gyaɗa. Muka ba Lawali shagon da ke jikin zaure. Da ubanku yake cin tuwo a kwano ɗaya, ku kuma manyanku kuna hawa kansa kamar jaki.

Wata ranar gashin tukwane muka je Nahuce taya Inna. An jera ɗanyun tukwane an kife su, an lulluɓe da kara da ƙaiƙayi da busasshen kashin shanu, aka cinna wuta da hantsi. Muka koma gindin ƙirya muka zauna. Can sai muka ji tau! wata ta fashe a ciki. Inna ta yi salati, ta ce randa ce, manyan su ke fara tafiya. Lawali ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi.

"Yaya, kin ji abin da Inna ta ce? Wallahi karatuna ke nan duka."

"Karatun fasa randa ka je Zariya ka yi? Da ka zauna nan, ai da Inna ta koya maka kyauta."

Ya yi dariya har da tari, ya ja hannuna ya ce in dubi saman wutar, ba harshenta ba, sama da shi. Ya ce me na gani? Na ce ba komai, sai dai itatuwan da ke bayan wurin suna rawa. Ya ce ba itatuwan ke rawa ba, iska ce ta yi zafi take tashi, ba ta da launi, ido ba ya kama ta, amma tana nan. Daga nan ya shiga ba ni labarin da na yi shekaru ina juyawa a raina. Ya ce taurari ba a warwatse suke ba kamar tsaba, gari-gari suke, kowane gari da taurarin da ba su ƙirguwa. A cikin garuruwan nan akwai waɗanda ake ta haihuwar sababbin taurari a cikinsu lokaci guda, kamar ranar gashin Inna. Manyan taurarin su ke saurin cinye kansu su fashe, in kuwa sun fashe da yawa sai su ƙona iskar da ke tsakaninsu, ta yi zafin da wutar nan tamu ruwan randa ce a kansa. Iskar in ta kai haka sai ta daina ba da hasken da ido ya sani, sai ta riƙa ba da irin hasken nan da ake hoton ƙirji da shi a asibiti. Ya ce masana suna zaton iskar takan cika garin har ta tumbatsa, ta yi ambaliya ta sama da ta ƙasa, amma ba wanda ya taɓa ɗauko hotonta sosai, don sararin da ke kanmu yana tare hasken, ba ya isowa ƙasa. Sai an ɗora na'ura a kan roka an harba ta can sama. Kuma ana kan ƙera wata mai madubi da za ta iya.

"To in ka gan ta, sai a yi me da ita? Tuwo za a tuƙa?"

"A'a, Yaya. Gani kawai za a yi."

Inna tana gefe tana kore hayaƙi da gefen zane, ta ce, "Ku ƙyale min yaro. In shina son shi ga iska, shi gani. Ni dai Allah shi sa kada wata ta ƙara hwashewa."

A shekarar da aka ƙara raba jihohi aka kira Lawali Sakkwato, ya dawo da labarin an ba shi tallafin tafiya Ingila, wurin wasu malamai da aikinsu ke nan, karanta abin da na'urorin nan suke aikowa. Ubanku ya yanka kaji. A tashar mota ba direban da bai ji ba cewa ƙanin matar wane zai shiga jirgi. Inna ta gina wani ɗan mitsitsin tulu, wai ya tafi da shi, don ta ji an ce ruwan Turawa ba ya da ɗanɗano. Abu ɗaya ya rage kafin a ba shi izinin tafiya: likita ya duba shi, a yi masa hoton ƙirji, a haɗa da takardunsa.

Ni kuwa tun kafin damina nake jin tarin nan ta bangon shago. Ba tarin mura ba ne, busasshe ne, mai fitowa daga ƙasa, kamar ana kankare ƙanzo. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Matashinsa kullum jiƙe da gumi. In na yi magana sai ya ce ƙurar alli ce. Wata safiya ina wanki na zaro hankici daga aljihun rigarsa, an dunƙule shi, ya bushe ya yi tauri. Na warware. Na daɗe tsaye a bakin rijiya da shi a hannuna. Ban yi kuka ba. Ji na yi kawai na koma yarinya, da kasko a hannu, ina neman inda zan zubar kada Inna ta gani.

Na same shi yana ɗaura takalmi, na ajiye masa hankicin a kan gwiwa.

"Tun yaushe?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ya ɗan jima."

"Ka je asibiti yau."

"In na je yau, tafiya ta mutu. Ki bari in isa can tukuna. Sun fi mu magani, sun fi mu likitoci. Ina sauka zan kai kaina."

"Ƙarya kake yi. Wanda ya ɓoye wa yayarsa da ta wanke masa kashi, Bature zai gaya wa? In ka gaya musu su sako ka a jirgi, ka san da haka, don haka ba za ka faɗa ba. Za ka yi ta dunƙule hankici a ƙasar sanyi har wata rana a buga mana waya. To hoton fa? Shi ma ɗin ƙurar alli za ka ce masa?"

Ya ci gaba da ɗaura takalminsa. Nan na gane an riga an gama shiri ba da ni ba.

Ashe Inna ta sani, ubanku ma ya sani. Dabarar kuwa ta tasha ce, can ubanku ya jiyo ta. A wancan lokacin katin asibiti suna ne kawai a jiki, ba hoton fuska, kuma layin ɗakin hoto yakan kai har waje. In an kira suna, duk wanda ya miƙe shi ne mai sunan. Ubanku ƙato ne, ƙirjinsa kamar faifai, bai taɓa ko ciwon kai ba. Shi zai shiga ya tsaya wa Lawali. A wurinsa ba ha'inci ba ne, zumunci ne, kamar yadda zai ɗaukar wa suruki buhu in ya ga ya fi ƙarfinsa. Inna ta zo Gusau takanas don ta danne ni. Ta zauna a kan tabarma ta juya mini gefe, kamar yadda ta saba, tana magana da bango.

"A gaya wa waccan ta kama bakinta. Tari ne, kowa na yin shi. Na jiƙa mai saiwa, na amso mai rubutu. Wanga yaro shi kaɗai gare ni."

"Inna, ni fa?"

"Ke kina ɗakinki."

"Baba ma saiwa aka jiƙa masa."

Sai ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Mi kika sani? Ƙyashi ne. An kai shi boko ba a kai ki ba."

Wannan maganar ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba, don akwai ranakun da nakan ga Lawali da littafi in ji wani abu ya tokare ni. Amma ba shi ya fitar da ni daga gida ba ranar. Na roƙi ubanku, na ce ya tuna da 'ya'yansa da ke shan ruwa a moɗa ɗaya da mai tarin. Ya ce maganar maza ce, sun gama. Da safe suka fita su biyu, Lawali da katin, ubanku da sabuwar riga. Na bari suka yi nisa, na goya jaririya, na yafa mayafi, na fita ba izini, karo na farko tun da aka kawo ni gidan.

Na same su a kan benci a baranda, mutane maƙil, masu karaya, masu tari, mata da tsofaffi. Ubanku ya gan ni, fuskarsa ta canja. Na tsaya jikin ginshiƙi. Ina fatan ganina kaɗai zai sa su fasa. Ma'aikacin ɗakin, wani siririn mutum mai farar riga, ya leƙo ya kira sunan Lawali. Lawali ya sunkuyar da kai. Ubanku ya miƙe, ya fara cire maɓallin riga.

Ku da kuka tashi a zamanin da mace ke kiran mijinta a waya da sunansa tana dariya, ba za ku gane nauyin abin da zan faɗa ba. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa furta sunan ubanku ba. Ko wani yaro mai irin sunan ya shigo gida, sai dai in ce "mai sunan Malam". Ranar nan na buɗe baki a gaban maza da mata na ce:

"Malam likita, wannan ba shi ne Lawali ba. Wannan mijina ne, sunansa Ɗahiru, direba ne. Ga Lawali can zaune, mai shuɗiyar riga. Ƙanina ne, kuma jini yake tofarwa."

Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha, sunan miji!" Waɗanda ke kusa da Lawali suka ja jiki, bencin ya zama shi kaɗai. Ma'aikacin bai yi faɗa ba. Ya dubi ubanku, ya dubi Lawali, ya ce a hankali, "Malam, taso." Lawali ya tashi. Da zai wuce ni ya tsaya, bai dube ni ba, ya ce:

"Kin kyauta, Yaya."

Hoton ya fito da fari-fari a saman huhu, dama da hagu. Likita ya ce tarin fuka ne, amma an zo da sauran lokaci: allura kullum na wasu watanni, ƙwayoyi kuma fiye da shekara, kada a tsallake. Ya ce in ya bi, zai warke sarai. Na ji wannan da kunnena, kuma a kansa na dogara. Aka rubuta wa masu tallafin, suka ce za su ajiye masa gurbinsa zuwa baɗi, in sabon hoto ya fito da kyau.

Ubanku bai sake ni ba, amma ya ce in tafi gidanmu sai ya neme ni. A tasha an mayar da shi abin dariya, yaran mota suna kiran "Ɗahiru direba ne" da muryar mata in ya juya baya. Na je Nahuce, Inna ta ce ba ta da wurin da za ta sa ni. Sai na wuce Tsafe wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, da jaririya a bayana, sauranku an raba ni da ku. Lawali kuma ya ƙi zama Gusau, ya tattara ya koma wurin Inna. Aka shirya za a riƙa kai shi Bungudu a keke yana karɓar allurar a ɗakin shan magani, ƙwayoyin kuwa sai an karɓo daga Gusau. Ni na ɗauki wannan. In lokaci ya yi sai in shiga mota daga Tsafe, in sauka Gusau in bi layi, in sake shiga wata zuwa Nahuce, in miƙa ƙunshin ta zaure in juya. Wani lokaci Lawali yakan fito ya karɓa, ya ce an gode, kamar yana magana da ɗan aike.

Abin da ban hango ba shi ne tulun Inna. A barandar nan akwai mutanen wajenmu, kafin mako ya zagayo labari ya riga ya kai kowace kasuwa cewa gidan maginiya akwai mai tarin jini. Wa zai sayi tulun ruwan sha daga gidan? Wuta ta gasa tukwanen nan har sun yi ja, ba ciwon da zai rayu a jikinsu, amma je ki gaya wa mai saye. Inna ta riƙa kai kaya kasuwa tana dawowa da su cif. Matan da suka yi shekaru suna ƙwanƙwasa randarta suna yabo suka koma wucewa ta bayan rumfa. Kuma duk safiyar da aka ga an ɗora Lawali a keke an nufi Bungudu, kamar shela ake yi cewa ciwon yana nan.

Da ya yi 'yan watanni, tarin ya tsaya, kumatunsa suka ciko. Inna ta ce ya warke, dama sharri ne. Ta sallami mai keken. Ta sa Lawali ya raka ta kasuwa da babbar riga, ya zauna a rumfa kowa ya gan shi, ya sha ruwa a tulu a gaban mutane. Ciniki ya fara dawowa. Ƙwayoyin da nake kawowa, daga baya na gan su a cikin wata tsohuwar tukunya a bayan rumbu, ƙunshi a kan ƙunshi, ko kwancewa ba a yi ba. Na tare Lawali a zaure ranar, na ce:

"Inna ba ta sani ba, na yarda. Kai fa, mai digiri?"

"Na sani, Yaya. Na fi ki sani. Allurar nan tana sa kunnena ƙara, ƙasa tana juya min, ko layi ɗaya ba na iya karantawa. Kuma kin ga Inna tana dawowa da kaya a ka, tsohuwa. Na ce bari in ɗan huta, ta samu ta sayar, in koma."

"Ciwon ma ya ce maka zai huta?"

Ya yi murmushi, ya ce ni dai bakina ba ya mutuwa. Wannan ne karo na farko da ya yi mini murmushi tun baranda. Na so in mare shi, na so in goya shi.

Da ruwan farko na shekarar da ta biyo baya tarin ya dawo, kuma ya dawo da ƙarfinsa. Aka koma allura, ta ƙi kamawa. Likita ya ce ciwon ya riga ya san maganin. Hoto na biyu ya fi na farko fari. Gurbin Ingila aka ba wani, ban san ko wane ne ba, Allah ya sa ya amfana. A lokacin ubanku ya riga ya je Tsafe ya yi biko. Bai ce komai ba game da abin da ya wuce, sai ya ce yara sun rame. Ni ma ban ba shi haƙuri ba, har ya koma ga Allah ban ba shi ba, kuma mun zauna lafiya. Da jikin Lawali ya yi tsanani, shi da kansa ya kai ni Nahuce a gaban motarsa, ya ce in zauna har abin da Allah ya yi. Wannan karon Inna ba ta ce ba wuri ba. Ta miƙo mini kasko da toka, na karɓa.

Wata rana da hantsi Lawali ya ce in fitar da shi inuwa, in ɗauko masa babban ambulan da ke ƙarƙashin katifa. Ya zaro hoton ƙirjinsa, baƙin fallen nan mai santsi, ya ɗaga shi saitin rana da hannu biyu. Haƙarƙarinsa suka fito jere, ga farin abin nan kamar gajimare a tsakaninsu.

"Kin gani? Hasken da na so in bi har Ingila, shi ya biyo ni har gida. Irin wannan nake so in gani a sama, fari-fari a cikin baƙi. Sai aka ba ni nawa."

Na ce, "Lawali, in kana jin haushina ka faɗa yanzu, kada ka tafi da shi."

Ya daɗe yana numfashi kafin ya ce, "Na ji haushinki, ƙwarai. Wani lokaci har yanzu nakan ce da kin yi shiru, da wataƙila ina can, sun yi min magani. Wani lokaci kuma in ce da na mutu a ɗakin haya ba mai ba ni ruwa. Ban sani ba, Yaya. Lissafin nan ya fi ƙarfina." Ya mayar da hoton ya ɗora mini a cinya. "Za su harba na'urar, ko da ni ko ba ni. In sun ɗauko hoton iskar nan, ki duba min."

"Da wane idon? Ni da ko sunana ban iya karantawa ba?"

"Matar da ta tsayar da asibiti guda? Ki koya mana."

Ya rasu kafin a yanke gero, da rana tsaka, kansa a kan ƙafata. Inna ba ta ƙara gina tukunya ba. Ta rayu shekaru bayansa, a ɗakina ta ƙare, ni na yi jinyarta, kuma ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Ɗan tulun da ta gina masa na tafiya, shi ta ce a riƙa ba ta ruwa da shi.

Ga abin da nake so ku riƙe. Ban ce na san abin da zai faru da na yi shiru ba, shi kansa mai ilimin bai sani ba. Amma ba baƙin ciki ya kashe kawunku ba, tari ne, irin wanda ya kashe kakanku, kuma yana da magani, maganin yana cikin tukunya a bayan rumbu. Ba kuma ina so ku zagi Inna ba. Mace ce da aka daina sayen tulunta, ta yi abin da ta ga zai dawo da masu saye. Kuma ku dubi kanku: kun sha ruwa a moɗa ɗaya da shi, bayan baranda aka kai ku duka aka duba, aka ba biyu daga cikinku magani tun abin bai yi nisa ba. Waɗannan biyun sun san kansu, yau suna da jikoki. Da za a mayar da ni barandar nan, zan sake kiran sunan ubanku, da ƙarfi ma fiye da na farko.

Ajin yaƙi da jahilci na shiga ina da furfura a gefen kai, yara suna leƙe ta taga suna dariya. Na koyi Hausa, na ɗan tsinci Turanci. Shekara da shekaru duk jaridar da ta shigo hannuna sai na duba ko akwai hoton, duk malamin makarantar da ya zo gidan nan sai na tambaye shi, su dube ni kamar na taɓu. Har na fara cewa ko dai zafin ciwo ne ya sa yaron nan sambatu tun a gindin ƙirya.

Sai kwanakin baya jikata, takwarata Hauwa, da ke jami'a, ta zo hutu. Na gaya mata abin da nake nema yadda ya gaya mini, da randa da komai. Ba ta yi dariya ba. Ta yi ta latsa waya, can ta ce, "Kaka, ko wannan ne?" Na sa tabarau. Wani gari ne na taurari, an ɗauko shi ta gefe, siriri kamar mazari. Daga tsakiyarsa wani abu ya tumbatsa, ya yi sama, ya yi ƙasa, kamar hayaƙin da ya rasa mafita. Ta ce launin sa masa aka yi don ido ya gani, ainihinsa da hasken hoton ƙirji aka ɗauka, daga na'urar da ke can sama. Na ce ta matsa min rubutun da ke ƙasa. Na bi shi da yatsa, harafi bayan harafi, ban bari ta taya ni ba, har na kai kalmar da na sani tana nufin zafi, da wadda ke nufin iska.

Na ce ta buɗe akwatina ta ɗauko babban ambulan. Na ɗaga fallen saitin taga da hannu ɗaya, wayar a ɗaya hannun. Hauwa ta ce, "Kaka, kuka kike yi?" Na ce ta rufe min baki, aike nake isarwa.

Na duba maka, Lawali. Tana nan, ta sama da ta ƙasa, yadda ka ce.